Rigar da Kaka ta Saƙa wa Mai Firiji

Zuwa ga taubashiyata Aku,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗaliban da kike cika wa kunne da surutu. Yaya Kawu da gwiwarsa? Ki gaishe shi da kyau. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar mura da ta taɓa ni ta wuce.

Na san yadda za a yi da takardar nan. Za ki zauna a bakin gadon Kaka ki karanta da ƙarfi, ita kuma ta ɗora yatsa a kan layi tana bi, alhali ko baƙi ɗaya ba ta sani ba, don kada ki tsallake wani abu ko ki ƙara gishiri. In kin rubuta amsa ma sai kin karanta mata, ta bi da yatsa, ta liƙe ambulan da kanta. To Kaka Uwargida, Maigidanki yana gaisuwa. Har yanzu ban huce da hana ni kiran waya da kika yi ba, wai murya ba a sa ta a ƙarƙashin matashi. Ke kika raine ni, kin san ni da ƙyuyar rubutu, amma ga shi kin sa na koya.

Kin tambaya wane irin aiki ne ya riƙe ni shekara biyu ban leƙo gida ba. Zafi nake aunawa. Akwai wani abu da muke kira ɗigon kwantam, muna ƙera shi a kan ɗan guntun silikon da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba, shi kuwa ɗigon ko da tabarau goma ba a ganinsa. Ki ɗauka ɗakuna biyu ne, ɗaya da ɗumi ɗaya da sanyi, a tsakaninsu akwai ɗan lungu mai cin mutum ɗaya. Masu wucewa ta lungun su ne ƙwayoyin lantarki, ɗaya bayan ɗaya, sai wannan ya fita wancan zai shiga, kowanne ɗauke da ɗan ɗuminsa. Aikina in gano yawan ɗumin da yake hayewa, da yadda za a rage shi ko a ƙara. Wayar Aku da take zafi a hannunta in ta daɗe tana gulma, irin wannan ciwon ne. Na'urori suna ta ƙanƙancewa, zafi kuma ya rasa hanyar fita.

Ɗumin da nake nema ƙarami ne ƙwarai, ɗumin ɗaki ma ya isa ya rufe shi. Shi ya sa muke sa ɗigon a cikin wani firiji mai kama da tanki, rataye daga rufi, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda waya ba ta shiga. Sanyin cikinsa ya wuce na ƙanƙara nesa ba kusa ba, iska ma daskarewa take yi. Firijin ɗaya ne, mu da yawa, layi muke bi. Yakan ɗauki kusan mako kafin ya yi sanyi, in kuwa aka buɗe shi kafin a gama, ɗigon ya canza hali ke nan ko ya mutu. Abu ne mai saurin fushi. Ɗan tartsatsin da yake fita daga jikin mutum in tufa ta gogu, shi kaɗai ya isa ya kashe shi. Cikin duk waɗanda na ƙera bana, ɗaya ne ya rayu, ina lallaɓa shi kamar ƙwai.

Wata mai zuwa layina ne. In na gama, dogon hutun makarantarku a gida zai same ni, in Allah ya yarda.

Naku,
Dogo

*

Dogo mai firiji,

Takardarka ta iso, mun gode. Muna lafiya, gwiwar Baba da sauƙi. Kaka tana kusa da ni, yatsanta a kan takarda tun kafin in rubuta komai, ta ce in fara da cewa jikinta garau.

Ka ja mana aiki. Tunda na karanta zancen sanyin da iska take daskarewa a cikinsa, Kaka ba ta sake jin sauran ba. Na yi bayani har bakina ya bushe, ni da ake ce wa Aku, cewa ba a ciki kake zama ba, a gefe kake. Ta ce, "Wanda ya zauna gefen wuta ba ya jin ɗumi? To wanda ya zauna gefen wannan masifar fa?" Na bar maka amsar. Kai da ka yi karatun sai ka ba ta.

Washegari ta tura ni kasuwa sayen ulu mai ruwan toka, ta ciro kwarashinta daga gwangwanin da ka sani. Rigar sanyin da ka gani a ƙunshin nan ita ce sakamakon bakinka. Za ka ga hannun hagu ya fi na dama tsawo sosai. Ka san shekarun da Kaka ta yi tana saƙa wa mutanen unguwa, ba a taɓa dawo mata da riga ba. Ka duba hannun nan da kyau, Dogo.

Ta ce in rubuta maka haka: "Maigida, ka yi mini alkawari ba za ka shiga ɗakin sanyin nan ba sai da rigar nan a jikinka. In ka saɓa zan ji a jikina. Kuma ka riƙa cin abinci, tsawo ba ƙiba kamar sandar rake."

Sauran labarin gida. Shekaranjiya ta zuba gishiri a shayi, ta sha rabin kofi, ta ce sukarin bana ba shi da kirki. Jiya kuma ta kira ni da sunan mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ba sau ɗaya ba. Yanzu da na karanta mata wannan tana dariya, ta ce in bar shi a ciki don ka san irin sharrin da nake mata. To na bar shi.

Ka zo da hutun kamar yadda ka ce. Ba don ni ba, ni ganinka ba ya ƙara ni da komai.

Taubashiyarka, wadda ta fi ka hankali,
Aku

*

Aku,

Gaisuwa gare ku duka. Ina lafiya, ina fatan haka a wajenku.

Riga ta iso, Uwargida, kuma na sa. Wadda muke aiki tare da ita, muna ce mata Injiniya, ta shafa saƙar ta tambaye ni wane kanti na saya. Zancen hannu kuwa, na naɗe na hagun sau biyu ya yi daidai. Na san da gangan kika yi, kina nufin in riƙa miƙa hannu da kyauta tunda kullum kina ce mini marowaci. Labarin gishiri ya sa ni dariya ni kaɗai a kan matakala har wani ya waiwayo. Aku, ki daina ajiye gishiri kusa da sukari, sannan ki dawo kina ɗora wa tsohuwa laifi.

Yanzu maganar da ba ta da daɗi. Ɗigon nan nawa guda ɗaya ya mutu. Ranar da zan sa shi a firiji abin ya faru, a hannuna. Na haɗa wayoyinsa na duba, shiru. Na sake dubawa, shiru. Lungun ya ƙone, ba abin da yake wucewa. Na san dalili, amma ba na takarda ba ne. Na zauna a kan kujerar nan mai juyawa na fi awa ban motsa ba, ina kallon abin da ko ganinsa ba na yi. Ban taɓa jin na zama mara amfani kamar ranar ba.

Layina ya wuce, an ba Injiniya. Farfesa, shugaban aikinmu, ya ce in koma ɗakin ƙira in yi sababbi, zai nema mini wani layin bayan wata huɗu. Wannan kuma shi ne na ƙarshe, don lokacin da aka ɗibar mini a nan ya zo gangara. In wannan ya kuɓuce, shekarun nan sun tafi a banza, zan dawo muku hannu rabbana.

Saboda haka hutun nan ba zai same ni a gida ba. Ku yi haƙuri. Sannu ba ta hana zuwa. Tunda Uwargida garau take har tana da ƙarfin yi mini gori, hankalina a kwance yake ta wannan ɓangaren.

Naku,
Dogo

*

Dogo,

Muna gaisuwa. Baba lafiya. Kaka ta ce in rubuta jikinta da sauƙi, na rubuta.

Karin maganar da ka kawo rabi ka faɗa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. "Dalilin ba na takarda ba ne," ka ce. Ni malamar makaranta ce, na san irin amsar nan, ita ɗalibi yake bayarwa in bai yi aikin gida ba. In zaman can ne ya yi maka daɗi ka faɗa, ba wanda zai kama ka.

Na share ɗakinka, na wanke labule, na shanya katifa. Yanzu na mayar da komai na rufe.

Bari in ba ka labarin wata tsohuwa a layinmu, ka san ta sarai. Ranar Talata da la'asar ta ɗauki mayafinta ta fita, ba wanda ya gani. Jikarta ta dawo daga aiki ta tarar da ƙofa a buɗe, butar shayi ta ƙone a kan wuta. Ta bi layi tana tambaya, daga mai wanki zuwa mai gyaran keke, ƙafarta ba takalmi. A tashar mota aka same ta, zaune a benci, wai tana jiran mijinta ya taso daga aiki. Mijin nan ya rasu tun jikar tana goye. Mai shagon kusurwa ne ya riƙo hannunta har gida. Tun ranar jikar ba ta fita sai ta kulle ƙofa ta waje, tana kullewa tana kuka. Na karanta wa Kaka wannan yanzu, ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, baiwar Allah. Ba ta da kowa ne?" Na ce tana da su, ɗaya dai ya yi nisa.

Ga saƙonta: "Maigida, kada ka kuskura ka baro aikinka saboda kewa. Wanda ya fara rijiya ba ya tashi sai ya ga ruwa. Ka gama, ka zo mini da takardar shaida in sa a ƙarƙashin matashi. Ina saƙa maka hula."

Ka sake karanta takardar nan, kada ka karanta ta a tsaye.

Aku

*

Aku sarkin faɗa,

Gaisuwa da ban haƙuri. Na san na daɗe ban amsa ba. Takardarki ta yi makonni a aljihun rigata, ina ɗakin ƙira daga safe har yamma cikin farar riga da safar hannu, ko alƙalami ba a shiga da shi. Ina lafiya. Ki bar zargina, wallahi ba daɗi ne ya riƙe ni ba.

Albishirinku. Sabon ɗigo ya rayu, yana cikin firiji, firiji ya yi sanyi, kuma jiya na ga abin da nake nema. Na ɗumama gefe ɗaya kaɗan, ma'aunin ɗaya gefen ya motsa. Na murɗa lantarkin da yake tsare lungun, ɗumin ya tsaya. Na sake buɗewa, ya dawo. A kan allon kwamfuta ɗan tudu ne kawai a jikin layi, in kin gani za ki ce wannan ne abin da ya hana ka zuwa? Shi ne. Injiniya ta tafa mini, Farfesa ya sauko da kansa ya tsaya yana kallo, wanda a wurinsa yabo ne babba.

Sai dai ɗigon yana da halin akuya, in ka kau da kai ya bar inda ka ɗaure shi. Kullum sai na sake daidaita shi da hannu, kuma ni kaɗai na san halinsa. Ina buƙatar wata ɗaya da rabi ina aunawa kafin abin ya zama hujja.

Tsohuwar layinku ta ba ni tausayi. Wace ce? Ko uwar mai wanki? Ki ce wa jikar su kai ta asibiti, irin wannan ba a zama da shi. Uwargida, ina jiran hula.

Naku,
Dogo

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Wannan takardar ba zan kai ta gidan waya ba, hotonta zan ɗauka in tura maka, ka gani duk lokacin da ka fito daga raminka. Na gwada kira, ba ta shiga. Ko ta shiga ma bakina ba zai iya ba.

Ban karanta wa Kaka ita ba, don ba ta nema ba. Na zauna a bakin gadon da takarda da biro kamar kullum, ta dube ni ta ce, "Me kike rubutawa, yarinya?" Na ce wasiƙa. Ta ce to, ta juya. Yatsan bai zo ba.

Tsohuwar layinmu Kaka ce. Jikar da take kulle ƙofa ni ce. Kai da kake ganin ɗumin da ido ba ya gani, na yi maka hannunka mai sanda har hannuna ya gaji, ka ce uwar mai wanki.

Tun bara ta fara. Ita ta riga kowa ganewa, ranar da ta rasa lissafin saƙa a tsakiyar layi. Ta kira ni ta rufe ƙofa, ta sa na rantse ba zan gaya maka ba, ba a waya ba, ba a takarda ba, sai ka gama. Ta ce ta san ka, za ka watsar da komai ka taho, kuma ba ta raine ka don ka zo ka zauna kana kallon tsohuwa tana ruɗewa ba. Na rantse. Sau nawa muna gaisawa a waya kana cewa yaya Uwargida, ina cewa lafiya lau, harshena kamar zai tsinke. Jiya na tambaye ta ko ta tuna alkawarin da na yi mata. Ta ce wane alkawari. Ban sani ba ko hakan ya warware rantsuwa, Allah ya yafe mini, amma na gaji da ɗaukarta ni kaɗai.

Mun kai ta asibiti tuntuni. Likita ya ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, magani sai dai ya rage masa gudu. Na tambaye shi tsawon lokacin da za ta ci gaba da gane mutane, ya ce ba wanda zai iya faɗa. Baba ta daina gane shi, tana gaishe shi da ladabi kamar baƙo, shi kuma ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon bango. Ni wata rana ni ce, wata rana mahaifiyarka ce, wata rana yarinyar da aka ɗauko aiki. Hular da ta ce tana saƙa maka ba hula ba ce. Hannun riga ne, ta gama ɗaya ta fara wani, yanzu guda biyar ne a cikin kwando.

Kai ne dai ba ta manta ba. Kullum sai ta ce Maigida yana can cikin sanyi. Takardunka suna ƙarƙashin matashi, takan ciro ta shafa. Hotonka na bango kuwa, makon jiya ta tambaye ni wane ne.

Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Na dai faɗa.

Aku

*

Aku,

Na gani. A kan matakala na karanta, inda waya take fara kamawa, na zauna a nan har masu wucewa suka riƙa raɓa ni. Yaya jikinta yau? Yaya ke? Ban taɓa tambayarki yaya ke ba, sai tsokana.

Na ciro takardunki na baya na sake karantawa. Komai yana ciki, hannun riga, gishiri, sunan Inna. A wurin aiki an koya mini in ƙi yarda da ƙaramar alama sai ta maimaita kanta ta fito fili. Ashe har gida na kawo halin.

Tunda wannan ba za a karanta mata ba, ga dalilin da na ce ba na takarda ba ne. Rigar ce. Ba a shiga wurin ɗigo da ulu, kowa ya sani, ni ma na sani. Amma ta ce in yi alkawari, kuma ranar ce babbar rana, na so in sa ɗigon a firiji da rigarta a jikina don in rubuto mata cewa na cika. Na ɗaura igiyar da take kwashe lantarkin jiki a wuyan hannu, na ce ta isa. Ina sunkuyawa dogon hannun nan na hagu ya warware ya shafi wayoyin. Na ji ɗan ƙas. Shi ke nan. Ta yaya zan rubuta wannan a takardar da za ta bi da yatsa? Da ban sa rigar ba, da na zo da hutu, lokacin tana gane fuska. Ina ta juya wannan a raina, ban sami inda zan ajiye shi ba.

Na je wurin Farfesa. Mutumin kirki ne, ya ce in tafi yau in ina so. Amma firiji ba ya jira, akwai mai bi mini a layi, kuma in aka buɗe ɗigon ya tafi. Injiniya ta ce za ta gwada riƙe mini, mun gwada wuni guda, ɗigon ya zame mata ta kasa dawo da shi sai da na sa hannu. Abin da na auna bai kai rabi ba. Farfesa ya ce wataƙila ya isa, wataƙila kuma masu dubawa su ce bai isa ba.

In na tsaya na gama, na bi maganarta, amma wa zan kai wa takardar shaidar? In na taho, na karya abin da ta sa kika rantse a kansa. Gaba kura baya sayaki. Firijin yana nan yana bugawa a bayana kamar ba abin da ya faru. Aku, ke kike ganinta. Ki gaya mini abin da zan yi, ko mene ne zan bi.

Dogo

*

Dogo,

Jiki da sauƙi, wannan karon da gaske, ta ci abinci ta yi barci. Ni ma ina nan.

Maganar riga ta sa ni kuka, sannan ta sa ni dariya, sannan na ji kunyar abin da na rubuta maka na ɗalibi da aikin gida. Ka yafe mini.

Amma kada ka ɗora mini wannan zaɓin. Na ɗauki rantsuwa shekara guda, ba zan ɗauki wannan ba. Ban sani ba, Dogo. Yau da safe ta ambace ka sau uku. Da rana na nuna mata hotonka ta ce yaron yana da kirki, ɗan waye? Gobe ban san da wace za mu tashi ba. Abin da na sani ke nan.

Aku

*

Aku,

Gaisuwa daga ɗakin da kika share kika rufe. Ina fatan kin isa gidan Gwaggo lafiya, kuma kina barcin da kika yi shekara ba ki yi ba. Kada ki yi gaggawar dawowa. Kawu lafiya, yana koya mini lokutan magani. Kaka ta ci abinci, ƙafarta ba ta kumbura ba. Mabuɗin yana wuyana kamar yadda kika ce.

Kin ga yadda ta karɓe ni ranar da na iso, da "sannu da zuwa, bawan Allah," kika ce in ba ta lokaci. Na ba ta. Na kira ta Uwargida, ta ja mayafi ta ce in ji tsoron Allah. Na ba ta labarin ranar da na faɗa kwata da sabon wando, ta yi dariya sosai ta ce jikanta ma ya taɓa yin haka. Injiniya ta aiko mini cewa an buɗe firiji, mai bi mini ya sa nasa. Ban ji komai ba da na karanta, sai daga baya.

Yau da safe an ɗan yi sanyi, sai na tuna da rigar. Na ce ko ita za ta yi abin da fuskata ta kasa. Na sa na shiga da shayinta. Tana ganina ta ajiye kwarashi. Ta ce in matso. Ta kama hannun hagun ta juya shi, ta bi saƙar da babban yatsa, idonta ya yi haske irin wanda na sani. Na durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Wannan saƙata ce."

Na ce, "Taki ce, Kaka."

Ta ce, "Ta Maigida ce. A ina ka same ta?"

Ba ta jira ni ba. Sai ta amsa wa kanta. Ta ce, "Abokinsa ne kai. Ya ga ba ka da riga ya cire ya ba ka. Haka yake tun yana yaro, ina ce masa marowaci ne don kada ya rabar da kansa." Sai fuskarta ta canza. "To shi me zai sa a ɗakin sanyin?"

Ta ce in yi haƙuri, ba rowa ba ce, za ta saƙa mini tawa, amma wannan in cire in mayar masa. Na cire. Ta ninke ta a cinyarta yadda take ninke kayan mutane, hannu a ciki. Sannan ta tambaya ko na iya rubutu. Na ce na ɗan iya. Ta ce in ɗauko takarda.

Ga abin da na rubuta da hannuna: "Maigida, ina gaisuwa, jikina garau. Abokinka ya zo, yaro mai ladabi, sai dai ba ya cin abinci kamar kai. Na karɓe rigar, kada ka sake bayarwa. Kada ka zo sai ka gama. Ina nan, ba inda za ni."

Da na gama na fara ninkewa, ta riƙe hannuna ta ce, "Karanta mini." Ta ɗora yatsa a kan layi, Aku. Na karanta tana bi, muryata tana yankewa, ta ce in ɗaga murya, matasan yanzu ba su da ƙarfi. Ban tsallake komai ba. Ta liƙe ambulan da kanta, ta ɗora a kan rigar, ta miƙo mini da hannu biyu.

Suna nan a kan katifata, rigar da takardar. Da la'asar na kai mata magani, ta tambaye ni yaushe zan koma wurinsa. Na ce ban sani ba tukuna. Ta ce kada in daɗe, yana can ba riga.

Naki,
Dogo